Tambayi Malam: Makin da Alamar Ɗebewa Ta Cinye

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan karo kusan duk a wuri ɗaya suka taru, don lokaci ne da 'yan aji uku na sakandare suka duƙufa shirin jarrabawar Tahsili, wadda ake yi a Saudiyya don shiga jami'a, kuma babin motsin kai-komo, wanda littafin makaranta ke kira haraka tawafuƙiyya basiɗa, yana cikin wuraren da ƙafa ke yawan zamewa. Na tsamo huɗu. Ta farkon za ta ci mana wuri, amma wanda ya gane ta, sauran za su zo masa da sauƙi.

TAMBAYA: Allah ya gafarta Malam, ni ɗaliba ce a aji uku na sakandare a Makka, gidanmu na Hindawiyya. A gwajin da aka yi mana an ba mu wani abu maƙale da sifirin yana kai-komo, matsayinsa x = 5 cos(4t), x da santimita, t da sakan. Aka ce mu nemo sur'a muttajiha a karon farko da ya iso x = 3. Na bi ƙa'idar da muka haddace na samu 16, malamarmu ta soke ta rubuta −16. Ƙawata kuma, a tambaya ta gaba da aka ce a kawo mafi girman sauri, ta rubuta −20, ita ma aka soke aka rubuta 20. Ni na rasa maki don ban sa alama ba, ita ta rasa don ta sa. Malam, yaushe ake sawa, yaushe ake bari? Raina ya ɓaci sosai, don wallahi na yi karatu.

AMSA: 'Yata, Allah ya yi miki albarka. Kwantar da hankalinki, lissafin da ya kai ki ga 16 babu kuskure a cikinsa, kuma malamarku ba ta zalunci ko ɗayanku ba. Abu biyu daban aka tambaye ku. Ke kin amsa irin tambayar ƙawarki, ita kuma ta amsa irin taki.

Na farko shi ne sauri: tazara nawa abu ke ci a sakan ɗaya. Sauri ba ruwansa da inda aka nufa, don haka ba ya sauka ƙasa da sifili. Na biyu shi ne sur'a muttajiha ɗin nan ta littafinku, wadda zan riƙa kira gudu mai alkibla, in rubuta ta da harafin v. Ita labari biyu take ɗauke da su lokaci guda, yawan saurin da kuma wajen da aka fuskanta. To abin da ke tafiya a kan miƙaƙƙen layi alkibla biyu kawai gare shi, ko dama ko hagu, shi ya sa alama ɗaya tak ta wadatar. In ya nufi dama v ta ɗauki alamar tarawa, in ya nufi hagu ta ɗauki alamar ɗebewa. Abin da −16 ke cewa shi ne santimita 16 a sakan, fuska hagu.

Yanzu ɗauko takarda, kada ki taɓa ƙa'ida tukuna. Ja layi a kwance. Sa ɗigo a tsakiya ki rubuta 0, a ƙurewar dama +5, a ƙurewar hagu −5, sannan ki nuna inda 3 take. Ki tambayi kanki, ina abin yake sa'ad da aka fara ƙirga lokaci? Sa t = 0; cos 0 ɗaya ne, ke nan x = 5, yana can ƙurewar dama. Wanda ke ƙurewar dama kuwa ba shi da inda zai nufa sai hagu. Ja kibiya daga 5 zuwa tsakiya. Kibiyar za ta bi ta kan 3 tana kallon hagu, kuma tun ba ki ninka komai da komai ba kin san amsarki da alamar ɗebewa za ta zo. Zanen nan ba ya cin rabin minti. Duk ɗalibin da ya zauna gabana a darasin yamma, ba na barinsa ya rubuta lamba ko ɗaya sai na ga layin da kibiyar.

Ƙa'idar da kika haddace na san ta: v = ω√(A² − x²). A ita ce iyakar nisan da abin ke kaiwa daga tsakiya, 5 a nan. Ita kuma ω, wato omega, ita ce lambar da ke ninka t, 4. Cire 9 daga 25 saura 16, tushenta 4, sau 4 ya ba da 16. Amma ki koma littafin ki duba da kyau, cikakkiyar ƙa'idar tana da ± a gabanta, sai dai ɗalibai da yawa kan yar da ita a hanya wajen hadda. Dalilin zamanta a wurin shi ne, a zagaye ɗaya abin yana ratsa kowane wuri sau biyu, sau ɗaya a tafiya sau ɗaya a dawowa, in ban da ƙurewa biyun. Ƙa'idar wuri kaɗai aka ba ta, ba ta da hanyar sanin wace ratsawar kike nufi.

Bari in nuna miki daidai inda alamar ta ɓace, don abin da mutum ya ga asalinsa ba ya saurin manta shi. A 1678 Robert Hooke, masanin ƙasar Ingila, ya wallafa cewa ƙarfin da sifirin ke ja da shi yana ƙaruwa daidai gwargwadon yadda aka miƙa shi: F = −kx, inda F ke nufin ƙarfin, k kuma taurin sifirin. Alamar ɗebewar da ke nan ita ma alkibla take faɗa. In kin ja abin dama sifirin ya ja shi hagu, in kin tura shi hagu sifirin ya turo shi dama. Kullum tsakiya ake mai da shi, da ƙarfin da ke bin nisansa, kuma wannan ne sharaɗin da ke sa motsi ya shiga wannan babi. Mu ce nauyin abin, m, rabin kilo ne, k kuma 8. To ω² = k/m = 16, ω = 4, irin ta tambayarki. Da aka ja shi santimita 5, wato mita 0.05, an ajiye makamashi ½kA² = 0.01 jul a cikin sifirin. Sa'ad da ya iso mita 0.03, abin da ya rage a sifirin ½kx² = 0.0036 ne, sauran 0.0064 ya koma makamashin motsi, ½mv². Raba, ki samu v² = 0.0256. Nan gizo ke saƙar: v² aka miƙo miki, ba v ba. In kin ninka 0.16 da kanta za ki samu 0.0256, in kin ninka −0.16 da kanta ma haka. Makamashi bai san dama da hagu ba, saboda haka duk ƙa'idar da ta fito daga cikinsa sauri kaɗai za ta iya ba ki. Alkibla sai dai ki samo ta daga zanenki ko daga lokaci.

Hanyar lokaci ita ce ba ta ɓoye komai. In kin fitar da mushtaƙƙar x = 5 cos(4t), wato yadda x ke sauyawa da lokaci, za ki samu v = −20 sin(4t). A x = 3, cos(4t) = 0.6. Kusurwa ta farko da ke ba da haka radiyan 0.927 ce (radiyan ma'aunin kusurwa ne, juyi ɗaya cikakke radiyan 2π), ke nan t sakan 0.23, sin ɗinta 0.8, v = −16. Abin ya wuce tsakiya, ya je −5, ya juyo, ya sake bi ta kan 3 a kusurwar 2π − 0.927 = 5.356, wato t sakan 1.34, a nan sin −0.8 ne, v = +16. In kika gwada lokutan biyu, bambancin sauri sifili ne, bambancin v kuwa santimita 32 a sakan, daga −16 zuwa +16. Kalmomin nan "karon farko" da ke cikin tambayarku su ne suka zaɓar muku ɗaya daga cikin biyun.

Tunda mun taɓo sin, ki tuna 4t radiyan ne, ba digiri ba. Gwada t = 0.5. Kalkuleta a kan radiyan za ta ba ki v = −18.2, in kuwa kin bar ta a kan digiri ta ba ki −0.7, kuma babu abin da zai nuna miki an kauce. A Tahsili ba a shiga da kalkuleta, sai ki riƙe sin da cos na π/6, π/4, π/3 da π/2 a ka.

Akwai kuskuren da ya fi wanda kika yi tsada, shi na fi so ki kiyaye. Ɗalibai da yawa in sun ga v da alamar ɗebewa sai su ce abin yana rage gudu. A tambayarki akasin haka ke faruwa. Ya taso daga 5 da sauri sifili, a 4 saurinsa 12, a 3 ya kai 16, a tsakiya 20. Jerin v kuwa 0, −12, −16, −20 ne, lambobin na gangarawa a kan layin lamba alhali saurin hawa yake yi. Abin da zai gaya miki ko sauri na ƙaruwa ko yana raguwa shi ne ki jera alamar v da alamar a, wato tasaru', yadda v ke sauyawa a sakan. A wannan motsi a = −ω²x, kullum tsakiya take kallo, kuma a x = 3 ta zama −48. In v da a sun ɗauki alama iri ɗaya, ana tura abin ne ta inda ya nufa, sauri na ƙaruwa. In sun saɓa, riƙe shi ake yi, sauri na raguwa. A karon farko v = −16, a = −48, sauri na hawa. A karo na biyu v = +16, a tana nan a −48 ɗinta, sauri na sauka, don abin ya baro tsakiya ya doshi ƙurewa. In kin fi son gajeriyar hanya: duk sa'ad da ya doshi tsakiya sauri na ƙaruwa, duk sa'ad da ya juya mata baya yana raguwa, ko a ɓangaren dama yake ko a hagu.

Ki lura da ƙurewa biyun kuma. A nan v sifili ce, amma girman a ya kai iyakarsa, 80, don a nan sifirin ya fi miƙewa ko matsewa. A tsakiya kuwa a ce sifili, sauri ya kai 20. Wanda ya sa a ransa cewa abin da ya tsaya babu ƙarfi a kansa, wannan babi zai ba shi wahala.

Ita kuma ƙawarki, −20 ɗin da ke gaban sin ta gani ta kwafe. Mafi girman sauri ωA ne, 20, babu alama, kuma abin yana kai shi sau biyu a kowane zagaye, duk ratsawar tsakiya. Da v aka tambaya, da mun ce tana yawo tsakanin −20 da +20, mafi girmanta +20, mafi ƙanƙantarta −20. Mafi ƙanƙantar sauri kuwa sifili ne. Ku zauna tare ku zana biyun a takarda ɗaya. Zanen v yana hawa saman layi ya sauka ƙasansa, yana maimaita kansa duk bayan T = 2π/4, sakan 1.57. Don ki samu zanen sauri, naɗo duk abin da ke ƙasan layin ya dawo sama. Sai ki ga tuddai jere, kowanne sakan 0.79, rabin wancan. Abin da ya sa makamashin motsi ke cika sau biyu a zagaye ɗaya ke nan.

Saura yadda za ki karanta tambaya. In an ce miƙdar, wato girma, ko sauri kawai, ko mafi girman sauri, lamba ake so ba alama. In an ce muttajiha, alama na cikin amsa, kuma kalmomi irin su "karon farko" ko "yana dosar tsakiya" su ne ke nuna miki wacce. In x kaɗai aka ba ki aka nemi v, ba a ce komai kan alkibla ba, rubuta ±16 ki ƙara layi ɗaya na bayani: +16 in ya nufi dama, −16 in ya nufi hagu. In kuma sifirin a rataye yake, abin na hawa da sauka, ki rubuta a saman takarda wace alkibla kika ba alamar tarawa, sama ko ƙasa, ki tsaya a kanta har ƙarshe. A jarrabawar zaɓi mai tsara tambaya ya san inda ake zamewa, kada ki yi mamaki in kin ga 16 da −16 a jere.

TAMBAYA: Malam, barka da ƙoƙari. Daga Madina nake rubutowa. Mun yi musu da abokin karatuna a kan matsakaicin sauri a zagaye ɗaya cikakke. Ni na ce sifili ne tunda abin ya koma inda ya fara. Shi ya ce rabin mafi girman sauri ne, tunda yana tashi daga sifili zuwa iyaka. Amsar bayan littafi ba ta bi ko ɗayanmu ba. A raba mu.

AMSA: Ɗana, sifilinka amsa ce mai kyau, amma ta matsakaicin gudu mai alkibla ce. Abokinka kuma ya yi ƙiyasi a inda ake son lissafi.

Ka tuna sa'ayi. Mai umara yana farawa daga Safa, ya yi tafiya bakwai, ya ƙare a Marwa. Don sauƙin lissafi mu ɗauki tsakaninsu mita 400, mu ce kuma ya gama cikin minti 40, sakan 2400. Ƙafarsa ta taka mita 2800. Raba da lokacin, matsakaicin saurinsa mita 1.17 a sakan. Amma in ka duba ina ya fara ina ya ƙare, mita 400 kawai ya gusa, daga Safa zuwa Marwa, don tafiya shidan farko sun shafe juna bibbiyu. Matsakaicin gudunsa mai alkibla mita 0.17 ne a sakan, fuska Marwa, kashi ɗaya cikin bakwai na wancan. Da a ƙarshen tafiya ta shida ka auna shi, yana tsaye a Safa, da sifili za ka samu, alhali ya taka mita 2400. Na kawo sa'ayi ne don ka raba tazarar da aka taka da gusawar da aka yi. Shi kansa ba ya cikin motsin da muke magana a kai, tunda babu ƙarfin da ke jan mutum zuwa tsakiyar hanya.

Mu koma kan lambobin tambayar farko. A zagaye ɗaya abin ya tashi daga +5 zuwa tsakiya, zuwa −5, ya dawo tsakiya, ya koma +5. Santimita 5 sau huɗu, 20, wato 4A. Raba da sakan 1.57, ka samu 12.7. Gusawarsa sifili, saboda haka matsakaicin v sifili. Ko wane lambobi aka ba ka, matsakaicin sauri a zagaye ɗaya 2/π ne na mafi girma, kusan 0.64. Ka gwada da na littafinku.

Me ya sa bai zama 10 ba, yadda abokinka ya zata? Rabi yana fitowa ne in sauri na hawa a miƙe, daidai wa daida a kowane sakan. A nan hawan da wuri yake yi, sannan ya daɗe a sama. Kafin abin ya wuce rabin hanya daga ƙurewa zuwa tsakiya, x = 2.5, saurinsa ya riga ya kai 17.3 cikin 20, kuma kashi biyu cikin uku na lokacin zagayen saurin yana sama da 10. Ga wani abin da ke fitowa daga nan, kuma ana yawan tambayarsa: daga ƙurewa zuwa rabin hanya yana cin T/6, daga rabin hanya zuwa tsakiya T/12 kawai, duk da tazarar ɗaya ce.

Abin kiyayewa ɗaya. Maganar cewa sauri shi ne v da aka cire wa alama gaskiya ce a kowane lokaci guda. A matsakaici kuwa tana tsayawa ne kawai in abin bai juya ba a cikin lokacin da ake aunawa. Daga +5 zuwa −5 bai juya ba, matsakaicin v −12.7, matsakaicin sauri 12.7. Daga tsakiya zuwa −5 ya dawo tsakiya, lokacin ɗaya ne, rabin zagaye, matsakaicin sauri na nan 12.7, na v kuwa sifili. Kafin ka raba da lokaci, ka duba ko akwai juyawa a tsakani.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a Riyad. A ɗakin gwaje-gwaje mun rataya ƙarfe a zare mai tsawon mita ɗaya. Na ja shi santimita 5 na saki, na ja shi 10 na saki, agogo ya nuna lokaci ɗaya. Yaya mai doguwar hanya zai iso tare da mai gajeriya?

AMSA: Ɗana, da sauri yake biyan bashin hanyar. A lilo irin wannan ω = √(g/L), inda g ke nufin jan ƙasa, L kuma tsawon zare, babu A a ciki. Da g = 9.8 da zare mita ɗaya, ω = 3.13, zagaye ɗaya sakan 2.0. Mafi girman sauri ωA: in ka ja santimita 5 zai ratsa tsakiya da 15.7 a sakan, in ka ja 10 zai ratsa da 31.3. Hanya ta ninka, sauri ya ninka, lokaci ya tsaya inda yake. Galileo na Italiya ya rubuta wannan lura a wata wasiƙa a 1602, kuma a kanta Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya ƙirƙiro agogon lilo a 1656. Sharaɗin shi ne kusurwar ta zama ƙarama. A digiri 15 lokacin yana ƙaruwa da abin da bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, a digiri 60 ƙarin ya kai kusan kashi 7.

In za ka sake gwajin, fara agogo a lokacin da ƙarfen ke ratsa tsakiya, don a nan ya fi sauri, ido ya fi kama lokacin da kyau. A ƙurewa jinkiri yake yi, sai hannu ya yi ta shakka. Kuma ka ƙirga ratsawar da ta nufi alkibla ɗaya kaɗai. In ka ƙirga kowace ratsawa, rabin zagaye kake aunawa, za ka samu sakan 1 a maimakon 2.

TAMBAYA: Malam, ni bakanike ne a Jidda, ban yi zurfi a boko ba. Ɗana na karanta wannan babi, na ji yana ta ambaton omega, ya ce wai saurin kusurwa ce. Na ce masa abin da ke sama da ƙasa ina ruwansa da kusurwa? Sannan wannan bambanci na sauri da alkibla, yana da amfani a wajen aiki, ko na cin jarrabawa ne kawai?

AMSA: Ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a sana'a, ya raya yaron. Amsar duka biyun tana cikin injin da kake buɗewa kullum. Karank juyawa yake yi, fistan kuma sama da ƙasa. In ka kalli wurin da sandar fistan ta kama karank, ka manta da motsinsa na gefe, ka bi hawansa da saukarsa kaɗai, abin da za ka gani shi ne A cos(ωt) ɗin da yaron ke rubutawa. Harafin A shi ne rabin tazarar da fistan ke ci daga ƙasa zuwa sama, ω kuma yawan kusurwar da karank ke juyawa a sakan, inda juyi ɗaya cikakke yake radiyan 2π, kusan 6.28. A sifirin babu abin da ke juyawa, amma lissafin yana fitowa tamkar akwai, shi ya sa aka riƙe kusurwar.

Mu ɗauki injin da fistansa ke cin santimita 8 daga ƙasa zuwa sama, yana juyi 3000 a minti. Juyi 50 ke nan a sakan, ω = 314, A mita 0.04. Wurin da sandar ta kama karank saurinsa ɗaya ne ko da yaushe, mita 12.6 a sakan, kusan kilomita 45 a awa, sai dai alkiblarsa ba ta zama. Fistan yana kai wannan saurin a wajen tsakiyar hanya, ya tsaya cik a sama da ƙasa, ya juya sau 100 a sakan ɗaya. Matsakaicin saurinsa mita 8 a sakan, kuma injiniyoyi suna amfani da wannan adadi wajen auna wahalar da inji ke sha. Matsakaicin gudunsa mai alkibla sifili ne, ko da motar ta yini tana aiki.

Kowanne da irin ɓarnar da yake nunawa. Gogar ringi da bangon silinda tazarar da aka ci take bi, ba ruwanta da ko sama aka nufa ko ƙasa; wannan aikin sauri ne. Jijjigar da sanda da karank ke ɗauka kuwa daga juyawar alkibla take zuwa. A sama da ƙasa, inda fistan ke tsayawa ya juya, a = ω²A, kusan mita 3950 a sakan a kowane sakan, ninki 400 na jan ƙasa. In fistan giram 300 ne, a wannan lokacin sandar tana jin kamar an rataya mata kilo 120. Ka kai injin juyi 6000, sauri ya ninka sau biyu, wannan nauyi kuwa sau huɗu, kusan kilo 480. Dalilin da ya sa ake yin fistan motoci da alminiyam mara nauyi ke nan. Lambobin nan na kusa ne, don sandar tana karkata yayin da karank ke juyawa, abin da ke sa motsin fistan ya ɗan kauce wa cos, jan da ke sama ya ɗara na ƙasa.

Ranar da ka cire kan wani inji, kira yaron ya zo da rula. Ku kawo fistan ɗaya can sama, ku juya karank digiri 30 da hannu, ya auna saukar: a inji irin wanda muka ɗauka ba za ta kai santimita ɗaya ba. Sannan ku kai fistan wajen tsakiyar hanya, ku sake juya digiri 30, ya sake aunawa, zai samu kusan santimita biyu.